Laifin Taurari: Asalin Wasu Kalmomin Turanci

Wanda mura ta kwantar, likita ya rubuta masa "flu" a takarda, da wuya ya san cewa taurari aka ɗora wa laifin ciwon nasa. Flu gutsure ne daga influenza, kalmar Italiyanci, wadda take uwa ɗaya uba ɗaya da influence, abin da muke kira tasiri. Tushensu kalmar Latin ce, influere, wato kwarara zuwa cikin wani abu, kamar yadda ruwa ke bin lambatu ya shiga fangalin lambu.

Masu duban taurari na Turai a da sun yi imani cewa akwai wani abu mai kama da ruwa, wanda ido ba ya gani, da ke zubowa daga sama ya shiga jikin mutum, ya juya halinsa da rabonsa. Da wannan ma'ana kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 14, kuma haka mawaƙi Chaucer ya yi amfani da ita. Su kuwa Italiyawa, in annoba ta ɓarke sai su ce aikin taurari ne. A 1743 wata annobar mura ta ratsa Turai, mutanen Ingila suka ari sunan da Italiyawa ke kiranta da shi, ya zauna daram. Sannu a hankali taurari suka fita daga maganar, aka koma kan mutane: attajiri, mai mulki, har zuwa yarinyar da ke tallar man shafawa a Instagram, wadda ake ce wa influencer. Abin yakan ba ni dariya, don shahararru irinta taurari muke ce musu, ka ga an koma gidan jiya. Tasiri namu kuwa daga Larabci muka samo shi, tushensa athar, sawu ko gurbi. Bature ya hango ruwa yana shiga, Balarabe ya duba sawun da aka bari a kan rairayi.

Emotion ba ta da wannan dogon labari. Ta biyo ta Faransanci daga Latin emovere, motsawa waje, kuma da ta iso Turanci a ƙarni na 16 tana nufin hargitsin jama'a ne, irin na bore a titi. Daga baya hargitsin ya koma cikin ƙirji. Bahaushen da ya ce motsin rai ya dace da asalin kalmar ba tare da ya buɗe ƙamus ba.

Kalmomin riya sun fi daɗin tono. Pretend asalinta miƙa abu a gabanka, kamar mai kare fuska da mayafi, kuma ta daɗe tana nufin da'awa. Shi ya sa ake kiran James Stuart, wanda magoya bayansa suka yi tawaye a 1715 don ɗora shi a gadon sarautar Birtaniya, da Old Pretender, wato mai da'awar sarauta. Hypocrite kuwa ɗan wasan kwaikwayo ne a Girka ta da. A dandalin Atina yakan rufe fuska da abin rufi, ya yi magana da muryar sarki ko ta tsohuwa, 'yan kallo sun san wasa ne, sana'arsa ce kuma ba abin kunya ba. Fassarar Linjila ce ta yaɗa kalmar a Turai da ma'anar mai ibada don idon mutane.

Munafuki namu bai taɓa hawa dandali ba, daga rami ya fito. Malaman lugga na Larabci suna danganta munafiƙ da ramin wani ɓeran sahara mai suna yarbu'u, wanda ke haƙa ƙofa biyu, ya bar ɗaya a fili, ya rufe ɗayar da siririyar ƙasa. Mafarauci na tsugune a wannan bakin yana jira, shi kuwa ya tunkuɗe ƙasar da ka ya sulale ta wancan.