Nok: Tarihin da ke ƙofar Abuja

Kogwannin ibadar mabiya Buddha da ke Ajanta a Indiya sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1983. Ƙauyen Nok kuwa, a Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, yana da nasa kogwannin dutse, amma maziyarta ƙalilan ne.

A nan masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, na al'ummar da ta rayu fiye da shekaru 2,000 da suka wuce. Ɓarayin kayan tarihi sun kwashe irinsa da dama zuwa Turai.

Ma'aikacin da ya baro Abuja da safiyar Asabar zai ga ragowar a gidan tarihin ƙauyen, ya kwana Kafanchan, ya ci faten acca ko taliya da miyar nama.