Tun Ran Gini Ran Zane: Rayuwar Jiya da Farfaɗowar Mai Cutar MS

Duk wanda ya bi hanyar Oshodi zuwa Apapa a Legas ya san layin tankoki da tireloli da ke cushewa a Mile 2. Direba kan wuni ya kwana a kujera ɗaya yana jiran lodi, sigari a baki, abinci kuwa sai abin da bakin titi ya bayar. Da yawansu 'yan Arewa ne. A Agege da kasuwar Mile 12 kuma ga 'yan uwansu 'yan dako da fatake, masu wuni a tsaye. Ranar da cutar jijiya ta kwantar da ɗaya daga cikinsu, rayuwar da ya yi kafin ciwo ita ce za ta raka shi ɗakin gashi.

Cutar da likitoci ke kira MS na nuna haka sarai. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta riƙa cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar wayar lantarki da ɓera ya gaigaye robarta: saƙo ya riƙa yankewa, ƙafa ta yi nauyi, gani ya dushe, gajiya ta ƙi tafiya. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun fi yawa. Ba a cika samun ta a ƙasashenmu kamar Turai ba, amma tana nan, kuma da wuya a tabbatar da ita ba tare da hoton MRI ba.

Abu uku na rayuwar mutum na da tasiri a kan yadda zai jure cutar. Na farko sigari. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2015 ya gano cewa duk shekarar da majiyyaci ya ƙara yana shan taba bayan an gano cutar, tana gaggauto masa matakin da ciwon ke ta'azzara ba sassauci. Na biyu motsa jiki. A da likitoci kan ce mai MS ya kwanta ya huta, har zuwa 1996 da Jack Petajan na Jami'ar Utah a Amurka ya nuna cewa mako 15 na atisaye ya ƙara wa majiyyata ƙarfi, ya rage musu ƙuncin rai. Wanda ƙafarsa ta saba da tafiya, mai gashi na samun tsokar da zai yi aiki da ita. Na uku tanadin ƙwaƙwalwa: binciken wani masani, James Sumowski, ya nuna cewa waɗanda suka saba da karatu da aikin tunani sun fi jure ɓarnar cutar kafin mantuwa ta bayyana.

Sai dai ƙarfin ɗan dako ma yana da iyaka. Zafi na tayar da alamomin MS na ɗan lokaci, ga kuma rana da gumin Legas. Atisayen sanyin safiya a hankali ya fi masa ɗaukar buhu da tsakar rana.

Babbar asararmu jinkiri ce. Ƙafa na fara ja sai a ce iska ce ko sammu, a sa mutum a mota a kai shi gida, watanni su shuɗe, gaɓoɓi su sandare. Alhali asibitin koyarwa na LASUTH na nan Ikeja, kusa da Agege, ga kuma LUTH a Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama.

Ba laifin kowa ba ne ya kamu da MS, kuma addu'a ba ta hana neman magani. Amma ya kamata sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin direbobi su riƙa faɗa wa jama'arsu tun suna da lafiya: a yar da sigari, a sauko daga mota a taka ƙasa, kuma duk wanda ƙafarsa ta fara nauyi a kai shi wurin likitan jijiya a makon, ba bayan an gama zagaye ba.