Haƙƙin Ƙirƙira da Lasisin Na'urorin Naɗar Sauti: Western Electric da Kamfanonin Faifan Garmaho, 1925 zuwa 1958

A Hausar yau da kullum ana amfani da kalmar "haƙƙin mallaka" wajen nufin abubuwa biyu da doka ta bambanta. Na farko shi ne haƙƙin da mawaƙi ko marubuci ke da shi a kan aikinsa. Na biyu kuwa shi ne haƙƙin da hukuma ke bai wa wanda ya ƙago wata dabara ko na'ura, domin ya hana kowa ƙera ta ko sayar da ita ba da izninsa ba, har zuwa wani wa'adi. A Nijeriya, dokar 1970 ta ƙayyade wannan wa'adi da shekara 20 daga ranar shigar da takardar nema. Wannan maƙala ta kira nau'i na biyun "haƙƙin ƙirƙira", ta kuma bibiyi yadda ya juya akalar sana'ar naɗar sauti a shekarun da aka fara ɗaukar muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a faifan garmaho.

Kafin 1925 kusan duk aikin naɗar sauti ba da lantarki ake yin sa ba. Mawaƙi kan tsaya ne a bakin wani babban mazurari ya ɗaga murya, ƙarfin muryar ya kaɗa wani ɗan fallen gilashi, shi kuma fallen ya motsa allurar da ke sassaƙa layi a kan faifan kaki. Sautin da wannan hanya ke iya kamawa bai wuce mai kaɗawa kimanin 250 zuwa 2,500 a daƙiƙa ɗaya ba, saboda haka amon manyan ganguna da siririn sautin wasu baƙaƙe irin su "s" da "f" duk sukan salwanta. Injiniyoyi biyu na rukunin kamfanin tarho na Amurka, Joseph Maxfield da Henry Harrison, su suka jagoranci warware matsalar. Sun haɗa makirufo da na'urar ƙara ƙarfin sauti da kuma kan sassaƙa mai aiki da maganaɗisu, sai iyakar abin da faifai ke ɗauka ta kai kusan 6,000.

Kamfanin Western Electric, wanda ke riƙe da haƙƙin wannan ƙirƙira, bai yarda ya sayar da na'urorin ba. Hayarsu yake bayarwa. Mai neman lasisi zai biya kuɗin shiga, sa'an nan ya riƙa biyan la'ada a kan kowane faifai da ya sayar, na'urar kuma tana nan a matsayin dukiyar mai ita. Hikimar tsarin a fili take: wanda ya sayar da na'ura sau ɗaya zai ci riba, amma mai karɓar la'ada yana da rabo a kowace waƙa da ta samu karɓuwa, ba tare da ya ɗauki asarar wadda ta yi kwantai ba. Victor da Columbia, manyan kamfanonin faifai na Amurka, sun karɓi lasisin a farkon 1925. Sun kuma ja bakinsu sun yi shiru na wasu watanni, ba su shelanta sabuwar hanyar ba, domin kada tsofaffin fayafayen da ke jibge a kantuna su rasa masu saye.

Abin da ya faru da kamfanin Columbia na Birtaniya ya fi nuna ƙarfin mai riƙe da haƙƙi. A ƙarshen 1924 shugabansa, Louis Sterling, ya samu wasu fayafayen gwaji da aka naɗa da sabuwar hanyar, ya saurara, ya gane cewa duk kamfanin da bai samu wannan na'ura ba kasuwarsa ta mutu. Ya shiga jirgin ruwa zuwa New York, amma ya tarar Western Electric ba ya da niyyar ƙulla yarjejeniya da shi sai ta hannun wani kamfani na Amurka. Sai Sterling ya sayi mafi yawan hannun jarin Columbia na Amurka a 1925, a kan dala miliyan biyu da rabi, alhali a da kamfanin nasa reshe ne kawai na wancan. Wato an sayi kamfani guda domin a samu izinin yin hayar na'ura.

Hanyar kauce wa la'ada

La'adar da kamfanonin Birtaniya ke biya ta kai kimanin kwabo ɗaya na kuɗin Ingila a kan kowane faifai. Kwabo ba wani abu ba ne a hannun mai saye, amma ga kamfanin da ke buga fayafayai miliyoyi a shekara, kuɗi ne mai nauyi, kuma nauyin ya ƙaru bayan karyewar tattalin arzikin duniya a 1929, lokacin da cinikin faifai ya faɗi warwas. Hanyoyi uku ne a gaban wanda haƙƙin wani ya tare wa gaba: ya ci gaba da biya, ko ya je kotu ya nemi a soke haƙƙin, ko ya ƙago wata dabara da za ta kai shi inda yake so ba tare da ya taka gonar mai haƙƙi ba. Masana'antar fim ta gwada ta biyun. An yi ta shari'a a Turai tsakanin Tobis-Klangfilm na Jamus da kamfanonin Amurka, har sai da suka zauna a Paris a watan Yuli na 1930 suka raba kasuwannin duniya a tsakaninsu. A Amurka kuma Kotun Ƙoli ta soke haƙƙoƙin Tri-Ergon da William Fox ya dogara da su a 1935.

Columbia ta zaɓi ta ukun. Babban manajanta, Isaac Shoenberg, ya taɓa riƙe sashen haƙƙin ƙirƙira na kamfanin Marconi, don haka ya san cewa doka ba ta kare manufa, dabarar da aka bayyana a takarda kaɗai take karewa. Babu wanda ya mallaki "naɗar sauti da lantarki". Abin da Western Electric ya mallaka shi ne takamaiman hanyoyin da ya bi. A 1929 Shoenberg ya ɗauki wani matashin injiniya, Alan Blumlein, wanda aka haifa a 1903, ya ɗora masa aikin samo wata hanyar.

A nan ne gundarin batun yake. Kowane kan sassaƙa yana da wani amo da yake son zarcewa da rawa a kansa, kuma in ba a danne wannan rawa ba sautin zai gurɓata. Western Electric ya yi amfani da ɗan guntun ƙarfe mai motsi a tsakanin maganaɗisu, ya kuma danne rawar da doguwar roba da ke shanye motsin da ya wuce kima. Blumlein da abokan aikinsa, Herbert Holman da Henry Clark, sun bar ƙarfen da robar baki ɗaya. Suka sa naɗin waya mara nauyi ya zama shi ne mai motsi, suka kuma danne rawar ta hanyar lantarki. Sun ƙera makirufo nasu a kan wannan ƙa'ida. Sakamakon bai tsaya ga kauce wa la'ada ba, domin sautin sabuwar na'urar ya fi na wadda aka guje wa tsabta. Da Columbia da Gramophone Company suka haɗe a 1931 suka zama EMI, sai sabon kamfanin ya shiga maye gurbin na'urorin haya da nasa.

Masu cewa haƙƙin ƙirƙira yana zaburar da bincike sukan kafa hujja da wannan labari, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare. Sai dai Columbia na da kuɗin ɗaukar injiniyoyi da na lauyoyi. Ƙananan kamfanoni da ba su da ko ɗaya sun ci gaba da naɗa da na'urori marasa inganci, ko suka faɗa hannun manya.

Shi kansa Blumlein haƙƙin bai yi masa rana ba a ƙirƙirarsa mafi shahara. A ranar 14 ga Disamba, 1931, ya shigar da takardar da ta zama haƙƙi mai lamba 394,325, inda ya bayyana yadda za a naɗi sauti ta kafa biyu, dama da hagu, a sassaƙa su a bango biyu na layi ɗaya a kan faifai. An gwada hanyar a ɗakin naɗa na Abbey Road a 1934 da ƙungiyar makaɗa ta Thomas Beecham, amma kasuwa ba ta shirya ba. Blumlein ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1942 yana gwajin na'urar rada, wa'adin haƙƙin kuma ya ƙare a 1952. Da masana'antar faifai ta amince da wannan tsari a 1958, sunan Westrex, wanda ya tsiro daga Western Electric, shi ya fi fitowa, EMI kuwa ba shi da sauran la'adar da zai karɓa.

Alamomin da suka rage a jikin faifai

Tun da la'ada a kan kowane faifai ake lissafa ta, dole aka riƙa sa alama a jikin faifan, kusa da lambar naɗi, domin a san na'urar da aka yi aiki da ita. A fayafayen Columbia, harafin W a cikin da'ira yana nufin Western Electric, harafin C a cikin da'ira kuma yana nufin na'urar Blumlein. A na Gramophone Company, alama mai kusurwa uku ta Western Electric ce, mai kusurwa huɗu kuma ta Blumlein.

Wannan yana da amfani ga mai nazarin waƙa da harshe. Daga 1927 zuwa wajajen 1930, Zonophone, wanda ke ƙarƙashin Gramophone Company, ya naɗi muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan ya fitar da su a jerin EZ domin kasuwar yankin, kuma Hausa na cikin harsunan da aka naɗa, tare da Yarabanci da Fanti da Ga da wasunsu. Shekarun nan su ne na hayar na'urorin Western Electric. Takardar da ke manne a tsakiyar irin waɗannan fayafayai ba kasafai take ɗauke da shekara ba, kuma akan sake buga tsohon naɗi da sabuwar takarda. Alamar da ke sassaƙe a jikin faifan ita ba ta canzawa, don haka faifan Gramophone Company mai alamar kusurwa huɗu ba zai kasance an naɗe shi kafin farkon shekarun 1930 ba, ko da mai kundin adana kayan tarihi ya rubuta masa wata shekarar da ta gabaci haka.