Daren da jini ya ƙi tsayawa

A daminar shekaru biyu da suka wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, wayata ta yi ƙara. Mijin ƙanwata ne daga ƙauyenmu, muryarsa na rawa: "Yaya, ta sauka, namiji ne, amma jini ya ƙi tsayawa." Haihuwarta ta shida ke nan. Biyar ɗin farko duk a ɗakinta ta yi su, a kan gwiwa, ungozoma ba ta shigowa sai an gama, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya. Shi ya sa babu wanda ya tsorata da wuri. Sai da zane na uku ya jiƙe sharkaf, ta ce tana ganin duhu, sannan aka tashi mijin.

Ƙaramin asibitin garin da ke gaba da mu a kulle yake, domin ma'aikaciyar ɗaya ce tilo, kuma a hedikwatar ƙaramar hukuma take kwana. Ban ga laifinta ba: wurin babu wuta, babu ruwa, babu mai gadi. Rafi kuma ya kawo, mota ba ta ƙetarewa. A amalanken shanu aka kai ta bakin titi, aka yi ta roƙon wani direba har ya yarda. Da asuba suka isa babban asibiti, inda aka ce sai jini, kuma babu ko leda ɗaya a ajiye. Mijinta ya ba da ɗaya, wani ɗan acaɓa da ya rako su ya ba da ta biyu. Allah ya yi da sauran kwananta, amma sai da ta yi wata uku kafin ta iya ɗaukar tulu.

Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mata wurin haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu 'yan boko mun fi son tsayawa a kan na farko, saboda shi ne ke ɗora laifi a kan mutumin ƙauye: kunya, jiran izinin miji, dogaro da rubutu da jiƙo. Akwai gaskiya a ciki. To amma matar da ta taɓa takawa zuwa awo ta tarar da ƙofa a garƙame, ko aka yi mata tsawa a gaban jama'a, ba jahilci ne ke zaunar da ita a gida ba. Lissafi ta yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai 20 ba.

Abin takaicin shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne. A 2023 aka wallafa sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, a ga yawan jinin da ya zuba maimakon a yi kirdado, sannan a haɗa magunguna a ba ta lokaci guda. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ƙwayar misoprostol kuma ba ta buƙatar firji, ga araha. Sai dai leda da ƙwaya ba sa aiki da kansu. Shirin tura ungozomomi karkara na 2009 ya fara da kyau, ya yi sanyi da aka daina biyan alawus a kan kari. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Ya kamata kowane kansila ya iya faɗa wa mazaɓarsa nawa ya iso asibitinsu, kuma wa ke kwana a cikinsa.

Yanzu haka ƙanwata na ɗauke da ciki na bakwai. Mun yi shawara da mijinta cewa da ya shiga wata takwas za ta dawo gidana, inda tsakaninmu da asibitin koyarwa tafiyar minti goma ce. Maƙwabciyarta ma ciki gare ta, watansu ɗaya, kuma ba ta da kowa a birni.