Amurka: ƴan santimitoci tsakanin tirelar dawaki da gilashin mota

A jihohin Amurka da ake kiwon dawaki sosai, irin su Texas da Oklahoma, akwai wata tirela da ake yi wa laƙabi da "wuyan dinya". Gabanta yana da dogon wuya da ke tsallake bodin a-kori-kura, ya sauko ya kama wani dunƙulen ƙarfe da aka kafa a cikin bodin, daidai saman tayoyin baya. Masu dawaki sun fi son ta saboda ba ta yawan lilo a kan hanya kamar wadda ake ɗaurawa a gindin mota.

Matsalar na tasowa ne idan bodin gajere ne. A motar Ford Super Duty mai dogon bodi, tazarar da ke tsakanin gidan direba da tsakiyar tayoyin baya kusan santimita 142 ce. A mai gajeren bodi kuwa, kusan 102 ce kawai. Tirela mai faɗin mita 2.4, rabinta santimita 120 ne. Ke nan idan direba ya karya kwana sosai, musamman yana ja da baya, kusurwar tirelar za ta daki gidan direba, gilashin baya ya tarwatse. Kuma galibi ba a kan babbar hanya hakan ke faruwa ba, sai a gidan mai ko bakin ƙofar gona.

Akwai dabaru. Wasu na sayen tirela mai tsukakken goshi. Wasu na sa dunƙulen kamfanin B&W da ke matsar da mahaɗar baya da santimita 10. Amma kowane matsi baya yana rage nauyin da ke kan tayoyin gaba, waɗanda sitiyari ya dogara da su.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne nauyi. Kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyin tirelar a kan bodin yake sauka. Tirela mai tan 4 za ta iya ɗora wa motar tan guda, kafin a lissafa mutane da sirdi da ciyawa. Doki kuma ba buhun gero ba ne: yana kai kilo 500, a tsaye yake, yana kuma motsi duk lokacin da aka taka birki.

Shi ya sa gogaggun direbobi ke fara gwada kwana a fili da tirelar babu doki ciki, wani na tsaye a gefe yana kallon tazarar.