Borin Jini da Maganin Ƙarƙashin Harshe

Kowace shekara in kaka ta yi, aka fara sussukar gero a Sabon Birni da Isa, mukan ga waɗansu yara a aji suna ta atishawa, idanu ja wur, hanci yana yoyo. Waɗansu ma fuka takan hana su barci, su kwana a zaune. Iyaye sukan ce mura ce. Amma mura ba ta wata uku. Sau da yawa borin jini ne, wato jiki ya ɗauki abu marar lahani, kamar garin furen ciyawa ko ƙananan ƙwarin cikin katifa, a kan abokin gāba.

Ƙwayoyin da muka saba sha sukan kwantar da ciwon ne kurum. Amma a 1911 wani likita a Landan, Leonard Noon, ya fara yi wa masu ciwon allurar abin da jikinsu ya ƙi, kaɗan kaɗan, har jikin ya saba. A 1986 likitoci a Ingila suka gwada ɗiga shi a ƙarƙashin harshe maimakon allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan hanya a 1998.

Ga yadda ake yi. Da fari likita yakan gwada fata, ya gane abin da ke tā da ciwon. Sa'an nan a sa ƙwaya ko ɗigo a ƙarƙashin harshe kowace rana, har shekara 3 ko fiye. Ranar farko a gaban likita ake sha, a jira minti 30, gama yakan sa ƙaiƙayin baki, wani lokaci ma kumburi mai hatsari. Ba a ba wanda fukarsa ta yi tsanani.

'Yan'uwa, mu lura. Maganin nan ba ya hana ƙurar hunturu shaƙe mutum, don haka sai mu rufe wa yara hanci, mu riƙa shanya katifa a rana, mu nisantar da masu fuka daga masussuka. Kada mu sayi ƙwayoyi a kasuwa da ka. In numfashin yaro yana ƙara da dare, mu kai shi asibiti, in ta kama har Asibitin Koyarwa na Sakkwato.

Allah ne ya ba likitoci hikima, shi ne kuma ya ba mu amanar 'ya'yanmu. Bari mu riƙe ta da aminci.