Ranar Kai Mahaifi Makwancinsa

A ƙasar Hausa, wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi. Shi ya sa ɗan da ke Legas ko Fatakwal sau da yawa sai dai ya tarar da zaman makoki. Akwai ciwo, amma hanzarta suturta mamaci sunna ce, kuma ba a ware mai mulki: Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010 a Abuja, washegari aka rufe shi a maƙabartar Ɗanmarna da ke Katsina.

Abin da ke damuna shi ne 'ya'yan da suke nan, amma sun koma 'yan kallo. Sai ka ga ƙato da gemunsa ya harɗe hannu, ana neman dattijon unguwa ya zo ya wanke masa uba. Wankan nan kuwa ba wani asiri ba ne. Ruwa ne da ganyen magarya, a rufe al'aura, a yi wa mamaci alwala, a fara da dama, a sa kafur a wankin ƙarshe. Uwa kuma 'ya'yanta mata suka fi dacewa da ita, kuma a ɗakin wankan suke yin bankwanansu kafin a fito da makara.

Sallar jana'iza kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada. A maƙabarta ake son ɗa ya cire takalmi ya sauka ya karɓi mahaifinsa, ya kwantar da shi a ɓangaren dama yana fuskantar alƙibla, ya sassauta ƙullin likkafani. Sai a jera itace ko fasassun tukwane, a toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura busasshiya. Waya a bar ta a aljihu. Hoton gawa a WhatsApp ba ta'aziyya ba ce.

Sai maganar bashi. Kafin a tayar da salla akan yi shela cewa duk mai bin marigayi ya ga wane. Wanen nan yakan amsa da ka, ya manta. Alhali shari'a ta sa kuɗin sutura a gaba, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Mai kantin da ya zo gaisuwa ya ce "ya haƙuri?" kunya ba za ta bar shi ya ambaci buhun shinkafarsa ba. Ɗa ne zai bi shi har kanti ya ce a buɗe littafi.